Dattijo da Dabinon Ɗanɗano

Yahuza mai dabino a kasuwar Dutse bai san dattijon nan ba, amma tun ɗazu yake kallonsa. Dogo ne, rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Auduga na manne a yatsansa, alamar daga gwajin jini yake.

Yahuza ya miƙa masa dabino ɗaya ya ɗanɗana, yadda yake wa kowa. Dattijon yana ta jujjuya shi, ya kasa kaiwa baki.

"Ɗana, wai wannan ma suga ne? Na bar suga a shayi, na bar lemon kwalba. Yau likita ta ce zaƙin 'ya'yan itace ma suga ne, in rage. Abin da Allah ya yi a bishiya, wa ya zuba masa?"

Wataƙila tun tasowar bawan Allahn nan da dabino yake buɗe baki, ga azumi ya ƙarato.

Dattijon ya shinshina dabinon, sannan ya mayar wa Yahuza.

"Ci mini, ka faɗa mini ko na bana ya yi zaƙi."