Sanyin Ƙasan Rijiya

Ƙauyenmu yana gabas da Tsanyawa, gidaje a warwatse cikin gonaki, kowane gida da rumbunansa da bishiyar da yake taƙama da ita. Asalinmu Barebari ne, kakan Baba ya zo fataucin kanwa ya zauna, amma ni ban tashi na ji wani yare a gidanmu ba sai Hausa. Bayan noma, sana'ar Baba haƙar rijiya ce. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. "Kai wannan" yake ce mini har ya koma ga Allah.

A shekarar da na yi aure, bazara ta zo da wani irin zafi. Tun hantsi ƙasa take hana tafiya ba takalmi. Jakunan da muke kai taki gona da su sai su tsaya a ƙarƙashin gawo su ƙi motsi, ko an doke su. Da rana tsaka kuwa gari yakan yi tsit, sai kukan kurciya daga nesa, a hankali, kamar ita ma barci take ji. In ka dubi gonaki sai ka ga kawalwalniya tana rawa, rumbunan maƙwabta suna iyo a cikin ruwan da babu shi. Mutane sukan kwanta a zaure ba barci ba, ba ido biyu ba, mafici yana faɗuwa daga hannu. Matata tana da ciki a lokacin. Nakan same ta zaune ta jingina bayanta da randa, idonta a rufe.

Ana cikin haka rijiyar unguwa ta fara janyewa. Guga ya koma fitowa da rabi, daga baya sai laka. Mata suka shiga zuwa wani ƙauye ɗiban ruwa, su dawo tulu ya yi ɗumi a kansu. Mai unguwa ya zo ya zauna da Baba a zaure, ya ce a taimaka a yi yasa.

Shekara uku ke nan Baba bai sauka rijiya ba, ciwon baya ya ɗaure shi. Ni kuwa iyakata jan igiya da zubar da ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Kai wannan, gobe kai za ka shiga."

Na ce, "To, Baba."

Da safe aka ɗaura mini igiya a ƙugu, maza huɗu suka riƙe. Na yi bisimilla, na riƙa laluben matakan da aka sassaƙa a jikin bango da yatsun ƙafa. Ina sauka hayaniyar mutane tana raguwa. Da na yi nisa sai na ji wani abu ya taɓa mini ƙafafu, ya hau gwiwa, ya hau ƙirji. Sanyi ne. Na manta akwai shi a duniya. Ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa irin na ranar ruwan farko. Na ɗaga kai na ga sama ta zama kamar faifai, kawunan mutane sun kewaye ta.

Kwana huɗu na yi ina aiki a ƙasa. In sara da dagi, in cika kwando, in girgiza igiya a ja. Baba yana zaune a bakin rijiya an kafa masa zana, duk kwandon da ya fito sai ya damƙi ƙasar ya murza, ya sansana, ya leƙo ya ce, "Koma gefen gabas." Muryarsa takan iso mini a zagaye, kamar daga cikin tulu.

Ba zan ɓoye ba, ban so aikin ya ƙare da wuri ba. In na gaji nakan zauna in jingina da bango, ƙafafuna cikin laka. Wani lokaci sai in ga kamar damina ce, gero ya kai kafaɗa, ina tafe a kunya raɓa tana jiƙa mini riga. Wani lokaci in ji kamar ana daka a bayan bangon, alhali bugun zuciyata ne. Sai an girgiza igiya nake dawowa. In aka fito da ni da azahar, iska ta mare ni kamar na leƙa maƙera. Matata takan miƙo mini farau-farau, ta ɗora hannunta a damtsena ta ce, "Malam, jikinka da sanyi. Tsaya kaɗan tukuna." Sai in tsaya har sanyin ya ƙare.

A rana ta huɗu dagi ya huda marmara ya faɗa cikin farin yashi. Na ga wurin ya yi duhu, sannan ruwa ya fara tsattsafowa, siriri, yana juya ƙwayoyin yashi. Na cika ƙwarya na aika sama. Na ji guɗar mata ta sauko mini.

Da na fito, Baba ya ce a kwance igiyar a ɗaura masa.

Mai unguwa ya ce, "Haba, Malam, da wannan bayan naka?"

Baba ya ce, "Ba aiki zan yi ba. Zama zan yi."

Ba wanda ya iya hana shi. Aka naɗe masa tsohon bargo a ƙugu, na riga shi sauka, aka zuro shi a hankali yana juyawa, na tarbe shi kamar jariri. Ban san ya yi rashin nauyi haka ba. Muka zauna gwiwa da gwiwa, ruwa ya kai mana idon sawu. Ya ɗiba ya wanke fuska, ya zuba a ka, ya rufe ido.

Can ya ce, "Ina saurayi na bi ayarin Buzaye har wani birni a ƙasar Azbin. Ba bishiya, ba ciyawa, gidajen ja kamar garwashi. Da rana ko kaza ba ka gani a hanya. Mutanen garin sukan jiƙa mayafi su rataya a ƙofa, su kwanta a bayansa har la'asar. A can wani tsoho ya fara sa ni a rijiya. Da na ji abin da ka ji, na ce na sami sana'a." Ya yi dariya. "Mutane suna cewa ina da ƙoƙari. Zafi nake gudu."

Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawo haka ba. Sai na ɗebi ruwa na zuba masa a baya, ya ce, "Yawwa, ƙara." Muka zauna har ruwan ya kai ƙwauri, na sama suka gaji suka fara kira.

Zafi bai sauka ba sai bayan kusan wata guda, amma unguwa ta sha ruwa, har makiyaya daga wajen Shanono suka riƙa biyowa da awakinsu. Matata ta haihu ana noman farko, mace. Baba ya yi damina biyu bayan haka. Dagin nasa ni na gada, na yi ta yawo da shi ƙauyuka shekara talatin, har nawa bayan ya ce ya isa.