Wuƙar da Ka Bar Mini a Buɗe

Sherifa ta sauka, Karimu, namiji ne! Na fito daga asibiti da gudu kamar yaro don in faɗa maka, sai na tarar da tabarmi a ƙofar gidanka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Assalamu alaikum jama'ar Zango. Allah ya karɓi ran Malam Karimu mai gyaran keken ɗinki da safiyar Laraba, 18 ga Yuni, 2025, bayan ya dawo daga sallar asuba. Iyalinsa sun ce ya zauna a bakin gado ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a samo tasi rai ya yi halinsa. A wannan safiyar ce kuma 'yata Sherifa ta haifi ɗanta na fari bayan shekaru masu yawa tana jira. Tun ranar ban san yadda zan yi da fuskata ba. Masu barka suna zuwa in yi dariya, masu gaisuwar mutuwa suna zuwa in yi kuka, wani lokaci mutum ɗaya ne ya zo da duka biyun.

Karimu, da kai zan yi magana, don na saba.

Wanda ba ɗan unguwarmu ba ne bai san bencinmu ba. Yana gaban shagon Shakiru tela. Bayan la'asar muke haɗuwa, tsofaffi huɗu ko biyar, kowa ya sa hannu a aljihu ya fito da wuƙarsa mai naɗewa. Ba mahauta ba ne mu, ba kuma wanzamai ba. Son abin kawai muke yi. Hirar ba ta canjawa: wace ƙota ta fi daɗin riƙo, ta ƙaho ko ta katako, wane mai ya fi hana tsatsa, wa ya ga wata tsohuwar wuƙa a kasuwar Kejetia wurin masu kayan gwangwan. Matanmu sun ce hira ɗaya muke yi tun muna da baƙin gashi. Gaskiya suka faɗa.

Kai ne ba ka yarda da sababbin nan masu ƙyalli. Ranar da Shakiru ya zo da wata da ɗansa ya aiko masa, mai almakashi da abin buɗe kwalba a jikinta, ka juya ta ka ce, "Shakiru, wannan wuƙa ce ko shagon Kejetia?"

Ya ce, "Kai dai hassada ke damunka, tsoho."

Ka ce, "Fere mini lemo da ita in gani." Ya fere, rabin lemon ya tafi da ɓawo. Mun yi mako muna yi masa tsiya.

Ina rubuta wannan da hannuna ne, kuma kana da rabo a ciki. Na fara karatun boko ina da furfura, a ajin yamma na manya. Kunya nake ji in ratsa unguwa da littafi, sai in cusa shi cikin riga. Kai ka gane. Tun daga nan, kullum kafin in tashi sai ka miƙo hannu ka ce, "Kawo fensirin." Ka feƙe shi da wuƙarka mai ƙotar ƙaho, a hankali, har tsininsa ya yi kamar allura, ka ce, "Je ka, ɗalibi, kada malama ta yi maka bulala." Da 'yan benci suka fara dariya, ka ce duk wanda ya iya rubuta sunansa a cikinsu ya ɗaga hannu. Babu wanda ya sake dariya.

Ba ni kaɗai ba. Matan gidajen haya sun san ranar Asabar kake wasa wuƙaƙen girki a kan dutsenka ba tare da an roƙe ka ba. A Babbar Sallar da ta wuce kwanan nan, gida nawa ka shiga ka taya su fiɗa? Ban ƙirga ba. Na dai gan ka da yamma kana ɗingishi, hannunka duk kitse, kana murmushi.

Akwai dokar da ka kafa mana a benci: wanda ya buɗe wuƙa shi ke rufe ta. In an miƙo maka a buɗe, ka duba, ka yaba ko ka kushe, ka mayar a buɗe. Ka ce kowace wuƙa da yadda take komawa gidanta, mai ita ne ya san halinta, baƙo yatsansa zai bari a ciki. Da farko don tsare yatsa ne. Daga baya ta zama mutunci. Rufe wa mutum wuƙarsa a wurinmu kamar ka ce masa hira ta ƙare, tashi ka tafi.

Ranar Talata da yamma ka buɗe mai ƙotar ƙahon ka miƙo mini. Ka ce, "Taɓa ka ji. Na wasa ta ne don ragon sunan jikanka. Ni zan yi fiɗa, kada ka kira mini wani yaro ya ɓata fata." Ina gwada kaifin a farcen babban yatsana wayata ta yi ƙara. Surukina Taufiq ne, ya ce naƙuda ta tashi, suna hanyar asibiti. Na miƙe ban san inda takalmina yake ba. Na tare tasi, na shiga, sai a lokacin na ga wuƙar tana hannuna. Ka biyo motar kana dariya kana cewa, "Abdulmumini, kada ka rufe mini ita! Gobe ka kawo ta, da albishir!"

Na sa ta a hankici, a buɗe. Na kawo ta, Karimu. Da albishir ɗin na zo.

Bayan an dawo daga maƙabarta na kai wa ɗanka Kamil, wanda ya taso daga unguwar Kwadaso. Na ce ga kayan mahaifinka, ka rufe ka ajiye. Ya kalle ta ya mai da hannuwansa baya ya ce, "Baba, ba ni na buɗe ba." A gidanka ya tashi, ya san doka. Na kai wa Shakiru, ya ce in kashe shi ya fi sauƙi. Na je wurin liman. Ya saurare ni da haƙuri ya ce wannan ba addini ba ne, ƙarfe ne, in rufe in yi maka addu'a. Na san gaskiya ya faɗa, ban yi masa musu ba. Na koma ɗaki na ɗora babban yatsa a bayanta, yatsan ya ƙi dannawa. In na rufe, ni na ce maka hira ta ƙare. Ba zan iya ba.

Ga damina. Ka san yadda ruwan Kumasi yake cin ƙarfen da aka bari a fili. Kullum da safe ina shafa mata man kaɗe kamar yadda ka koya mana, duk da haka jiya na ga wani ɗan ja-ja kusa da ƙota. Na goge ya fita. Ban san ko gobe zai fita ba. Kai ne wanda za a tambaya.

Matarka, Hajiya Ayishatu, ita ta yanke magana. Na je gaishe ta na faɗa mata halin da nake ciki. Ta ce, "Malam, don rago ya wasa ta. A yi aikin da ya wasa ta dominsa. Sauran kuma ku 'yan benci kun fi kusa." Kamil ya ce shi zai yi fiɗar, ko da zai ɓata fata.

Sauran kuwa ga yadda na yi da shi. Taufiq, Allah ya yi masa albarka, ya ba ni zaɓin suna. Na san ba a faɗa kafin rana, amma bakina ya kasa riƙewa: sunanka za a sa masa. Wuƙar za ta zauna a buɗe a saman kabad ɗina har takwaranka ya yi hankalin riƙe ta, ya rufe da hannunsa. Shakiru ya ce wannan wayo ne, ai ba jaririn ne ya buɗe ba. Na ce masa na sani. In yana da wata dabarar ya kawo. Sai ya share ido da gefen tsumman ɗinki. Ko zan kai ranar, Allah ne masani. In ban kai ba, na gaya wa Sherifa inda kwalbar man take.

Allah ya jiƙanka, Karimu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa abin da ka yi wa mutane da hannunka ya tarbe ka. Allah ya ba Hajiya Ayishatu haƙuri, ya ba Kamil da ƙannensa ikon riƙe gidan yadda ka riƙe shi. Mu da ka bari a benci, Allah ya sa mu cika da imani.

Jama'a, ranar Laraba mai zuwa da safe ne suna, a gidan Taufiq da ke unguwar Dichemso, bayan masallacin Juma'a. Ba na son a ce ana zaman makoki an kasa zuwa, Karimu da kansa ya so ranar fiye da kowa. Ku zo ku ga yaron. Hannunsa ko yatsana ɗaya bai gama zagayewa ba, amma in ya damƙe ba ya saki. Ranar, bayan fiɗa, wuƙar ma za ta kasance a kan faranti kusa da shi, nesa da inda hannunsa zai kai. Ku zo ku gani, ku ɗauka ku taɓa kaifin in kuna so. Sai dai ku mayar da ita yadda kuka same ta.

Abdulmumini
Zango, Kumasi