Miyar Maƙwabciyar Inna

Likita ce ta raba ni da nama. Ta duba takardar gwajin jinina, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce kitse ya yi yawa, jini kuma yana hawa, in ina son kaina in sassauta. Ni da nake aiki a kantin magani, kullum ina miƙa wa mutane ƙwayoyi ina yi musu wa'azi a kan gishiri da soye-soye, yau ga shi ni ake yi wa. Na koma ɗakina a hawa na goma sha ɗaya a Alexandria, nan ƙasar Turawa, na buɗe firji, rabin rago ne a ciki an yayyanka a leda. Na rufe, na zauna ina jin haushin kowa.

Wata abokiyar aikina, Ba'indiya, wadda nama bai taɓa shiga bakinta ba tun haihuwa, ita ta ja ni cikin ƙungiyarsu. Ni dai 'yan ganye nake ce musu, har a gabansu, kuma da na fassara musu sai suka karɓi sunan da murna. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara. Wasunsu har zuma sun yafe, wai don tausayin ƙudan. Na ce to, Allah ya kyauta. Kowace Asabar da hantsi nakan hau jirgin ƙasa na Metro in same su a wani ɗaki da ke saman shagon wanki can unguwar Northwest, a yi yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi, na awa guda, sannan a ɗunguma gidan abinci, kowane mako da wanda za a gwada.

Yoga ba ta ba ni wuya yadda na zata ba, in ban da gwiwa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Akwai wani zama da ake durƙusawa a kifa goshi a tabarma. Ina kai goshina ƙasa na ji tsigar jikina ta tashi, don wannan ai sujada ce, kuma ban ma san ina muka fuskanta ba. Tun daga ranar sai in dunƙule hannu in ɗora goshin a kai. Malamar yogar ta zo ta raɗa mini cewa dabarar nan tana da kyau ga wuya, har ta koya wa wasu. Ban gyara mata ba.

Gidan abinci na farko, aka kawo mini wani ƙaton faranti fari fat, da 'yan yanka huɗu a tsakiya an yi musu kwalliya da ganye. Na ɗanɗana. Awara ce, wadda muke saya a ƙofar makaranta a barbaɗa mana yaji. Mako na gaba aka kawo wani abin sha kore shar a kofin gilashi, wani dattijon Bature da ke shirya mana fitar ya gyara zama yana yi mini bayanin amfanin zogale. Ni yake gaya wa zogale, ni da shi ne dangar gidanmu a Funtua. Na yi dariya har da hawaye, shi ma ya taya ni bai san dalili ba.

Dariyar ba ta daɗe ba. A hankali duk cokalin da na kai baki sai ya mayar da ni tsakar gidanmu, kuma ba abin da ya kama ƙafar abin da nake nema. Miyar kukar Inna nake so. Ba wadda take yi mini yanzu in na je hutu ba, da kaza guda a ciki tana iyo a man shanu. Waccan ta da.

Mu huɗu ne a wurin Inna. Ina aji uku Baba ya kwanta ciwo, ya shekara biyar bai fita kasuwa ba. A tsawon shekarun nan ban tuna na tsinci tsoka a kwanona ba sai da salla. In an samu ɗan yanki ɗaya, a kan kwanon da za a kai maƙwabta Inna take ɗora shi, don a unguwarmu ana musayar tuwo, kuma ba za a ce gidanta ya aika da lami ba. Amma miyar da muke sha mu a ciki, wallahi har yau ban sha kamarta ba. Mukan suɗe kwano har ta ce mu bar mata fentinsa. Yanzu Inna ta haura saba'in, ƙafa ta hana ta tsayuwa a murhu sosai, kuma ba wanda ya iya miyar nan sai ita.

'Yan ganye suna da wata al'ada: sau ɗaya a wata, maimakon gidan abinci, wani cikinmu ya dafa a gidansa a taru. Da layi ya zo kaina na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, zan samu hujjar tambaya. Na kira Inna da safe kafin in fita aiki, lokacin su sun idar da azahar. Ƙanwata ta miƙa mata wayar. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, so nake ki koya mini miyar kukar nan da kike mana da, wadda ba nama."

Ta ce, "Aikin ne ya lalace?"

Na ce aiki lafiya lau, likita ce ta hana ni, kuma baƙi zan yi.

"Baƙi za ki yi, ki ba su lami? A ce 'yar wa?"

Na yi ta bayani, su ma ba sa ci, da gangan suka bari. Ta ce ita ba ta taɓa jin mai lafiya da wadata ya bar nama da gangan ba, in wani abu ne ya same ni in faɗa mata gaskiya. Sannan ta faɗi abin da ya ɗaure mini kai. Ta ce, "Ni kuma ban san wata miya ba nama ba. A gidana ba a taɓa yi ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na buɗe baki zan ce Inna, ni fa ina nan, ni nake daka miki daddawa. Allah ya taimake ni na haɗiye. Muka yi sallama sama-sama.

Na je Landover, inda ake sayar da kayan miyar gida, na sayo kuka da daddawa da garin tuwo, na yi iya yina. Mutum tara suka zo, suka zauna a ƙasa, na koya musu yanka loma da hannu. Suka cinye tas, dattijon nan har ya nemi ƙari, abokiyar aikina ta ce in rubuta mata yadda ake yi. Ni kuwa loma biyu na yi na tsame hannu. Ruwan kuka ne kawai da gishiri. Da suka tafi na tsaya ina wanke tukunya, kewar gida ta taso mini har na kasa ci gaba.

Bayan kwana uku, ina hutun cin abincin rana, wayata ta yi ƙara. Inna ce, ita ta sa ƙanwata ta kira. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce, "Maganar miyar nan. Na tuna akwai wata maƙwabciyarmu da take yin irinta."

Na ce, "To, Inna."

"Baiwar Allah ce, mijinta ba lafiya, ga yara huɗu. Ita dai na ga takan gasa daddawar a garwashi tukuna, sai ta yi ƙamshi kamar za ta ƙone. Ta daka ta da ƙuli-ƙuli biyu da ɗan wake. Albasa kuma a ɗigon man gyaɗa, a bar ta ta yi baƙi-baƙi, don ita ce take ba da ƙamshin suya. Kada ki yi gaggawar kaɗa kuka, ki bar ruwan ya dahu har ya ƙone rabi. Kina rubutawa?"

Ina rubutawa a bayan takardar magani. Babu wata maƙwabciya mai yara huɗu da miji a kwance a unguwarmu sai ita Inna, ta kuma san na sani.

Ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa. "In yaran suka tambayi nama sai ta ce ya narke a miya. Ƙananan sukan yarda. Babbar ce dai ba ta tambaya, sai ta yi ta kallonta. Ita matar ta daɗe tana tunanin ko yarinyar nan ta riƙe ta a rai."

Ni ce babbar. Na juya wa abokan aikina baya, na fuskanci bango. Na ce, "Inna, in kin ga matar nan ki gaishe mini da ita. Ki ce mata yaran sun ƙoshi. Babbar kuma har yau miyar take nema, ba ta samu kamarta ba."

Na ji tana jan numfashi, na ji ƙanwata tana tambayarta ko lafiya. Sai ta gyara murya ta ce, "Za ta ji."