Harshen Ɗan Mai Burkutu

Shekara uku na yi ina aiki a mashayar wani otal da ke Port Saeed a Dubai, kusa da inda jiragen katako suke lodin kaya. Biyun farko sun wuce lami lafiya. Ta ukun ce har yau in na tuna nake jin zuciyata tana tafasa.

Ni Bamaguje ne, Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Katsina. Innata burkutu take dafawa, kuma da shi ta raine mu. A cikin ƙanshin dawa mai tsiro na tashi. Da na girma, kafin ta buɗe randa ga masu saye, ni take fara miƙa wa ƙwarya, ta tsaya tana kallon fuskata. A wurinta na koyi cewa tsami iri biyu ne. Akwai wanda yake wanke baki ya sa ka so ƙari, akwai kuma wanda yake kartar maƙogwaro, alamar abin ya mutu. A Dubai, kafin wannan shekara ta uku, ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, sai abokin zamana a unguwar Karama, wani Bakano mai aikin aika kaya gida. Shi ba ya ko kallon kwalba, amma bai taɓa yi mini wa'azi ba.

A shekarar 2018 manajanmu, wani Bature mai saurin magana, ya ce mashayar za ta koma sayar da giyar ƙananan masana'antu, musamman masu tsami da baƙaƙen nan masu kauri. Kamfanin da ke kawo su ya turo mana wani mai dogon gemu, shi ma Bature, wai gwani ne, ya koya mana ɗanɗano. Da la'asar, kafin a buɗe, aka jera mu mu shida, kowa da ƙananan kofuna da takarda. Ya ce mu shinshina, mu kurɓa, mu rubuta abin da muka ji.

Da na kurɓi mai tsamin, sai na ji ni a tsakar gidanmu. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Wannan ai 'yar uwar burkutu ce," na ce. "Mahaifiyata tana yin irinta da dawa."

Mai gemu ya tambayi mene ne burkutu. Na yi masa bayani da zuciya ɗaya, yadda ake jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa. Ban rufe baki ba manaja ya katse ni.

"Wannan ruwan laka da kuke sha a ƙoƙo, ƙudaje suna iyo a ciki?"

Mai gemu ya yi dariya har yana riƙe teburi. Ya ɗaga kofinsa ya ce wannan fasaha ce ta ɗaruruwan shekaru, kada in haɗa ta da abin ƙauye. Abokan aikina suka sunkuyar da kai. Ni kuma na yi murmushi, kuma wannan murmushin shi ne abin da ya fi ci mini rai. An zagi hannun da ya ciyar da ni, na washe baki saboda biza.

Duk da haka na rubuta takardata tsakani da Allah. Baƙar giyar na ce tana buɗewa da ƙanshin gasasshiyar gyaɗa da ƙanzon da ya ɗan ƙone a gindin tukunya, ɗacinta kuma sai daga baya yake zuwa, kamar na goro. Mai tsamin na ce tsamiya ce da aka jiƙa ta kwana, da zaƙin hatsi a ƙarƙashi. Mai gemu ya tattara takardunmu ya zuba a jaka.

Bayan mako biyu sabon littafin abin sha ya iso, mai ƙyalli, aka ajiye a kowane teburi. Na buɗe. Gasasshiyar gyaɗa. Ƙanzo. Goro. Tsamiyar da ta kwana. Kalma ɗaya ba su canza ba. A ƙasan shafin ga hoton mai gemu yana shinshinar kofi, an rubuta cewa shi ya ɗanɗana ya bayyana. Mutumin da na tabbata bai taɓa sa goro a bakinsa ba!

Washegari da safe na nuna wa abokin zamana hoton shafin a waya. Yana shan shayi, ya karanta, ya ajiye kofin.

"Ka ga ni ban san kan wannan abin naku ba, kuma ba na so in sani," ya ce. "Amma sata na san ta. Wannan sata ce, ɗan'uwa. Sai dai ka bi shwayya shwayya, a hankali, takardunka a hannunsu suke."

Na bi shawararsa na yi shiru. Baƙi suna karanta maganata suna gyaɗa kai, suna ce mini mai gemun nan ya san aikinsa, ina zuba musu ina cewa haka ne.

Sai lokacin zafi ya shigo. Aka kawo sabuwar ganga ta mai tsamin. Na haɗa tiyo, na zuba kaɗan na kurɓa kamar yadda nake yi wa kowace sabuwa. Nan take ta karce mini maƙogwaro. Wani wari mai kaifi ya bugi hancina. Ga alama gangar ta daɗe a rana kafin ta iso. Na je ofishin manaja da kofin a hannu.

"Yallaɓai, wannan gangar ta lalace. Kada a sayar."

Ko karɓar kofin bai yi ba. "Sunanta mai tsami. Dole ta yi tsami."

"Ba irin wannan tsamin ba. Ka kurɓa ka ji."

"Koma bakin aikinka," ya ce. "Nan ba ƙauyenku ba ne."

Aka sayar. Ranar Juma'a wata mata da ke rubuta sharhin giya a intanet ta zo da rana, ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin. Ta rubuta cewa ruɓaɓɓen abu muke sayarwa, kuma ma'aikatan wurin ba su san komai ba. Ran Lahadi manaja ya kira ni. A kan teburinsa akwai takardar gargaɗi da sunana, wai ban wanke tiyo ba, shi ya ɓata giyar. Ya turo mini biro.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ture biron har ya faɗi ƙasa.

"Ba zan sa hannu ba. Na shigo nan da kofi na ce maka ta lalace, ka ce in koma ƙauyenmu. To, harshen ƙauyen nan shi ne a littafinka, shafi shafi, da hoton wani a kai. In ruwan laka ne me ya sa kuka sace maganata? Uwata in randa ta mutu zubar da ita take yi, ko da ranar za mu kwana da yunwa. Kai ka sayar, yanzu kuma kana neman wanda za ka ɗora wa!"

Fuskarsa ta yi jawur, ya ce in fita.

Bai kore ni ba, don ya san abokan aikina sun ji lokacin da na gargaɗe shi. Sai ya cire ni daga mashaya ya tura ni ɗakin karin kumallo, kwasar faranti. Daga baya wata 'yar Kenya da muke aiki tare ta gaya mini kamfanin da ke kawo giyar ya zo ya ɗauke gangar a ɓoye, sun amsa cewa laifinsu ne. Ba wanda ya zo ya ce mini yi haƙuri.

Bayan wata uku aka kawo sababbin giya guda biyar, ana bukatar sabon shafi. Mai gemu ya aiko da nasa bayanin, manaja ya karanta bai gamsu ba. Sai ga manajan da kansa a ɗakin karin kumallo, yana ce mini habibi, wato masoyi, wai in zo in ɗanɗana in rubuta musu ɗan wani abu. Na je. Na shinshina kowace ɗaya, na kurɓa a hankali, kuma ta ukun, wata baƙa mai ƙanshin dabino, tana da daɗi ƙwarai. A takardar da ya ba ni, a gaban lambar kowace giya na rubuta abu ɗaya: giya ce, akwai sanyi. Na miƙa masa na koma kan farantaina. Da kwantiragina ya ƙare ban sabunta ba.