Usur ɗin Baba

Jiya na tsinci usur ɗin Baba a aljihun rigar sanyinsa, igiyar duk ta koɗe. Da shi ya koyar da motsa jiki a firamare a Kano, yara a layi, hagu, dama.

Da ya zo Greensboro na kai shi makarantar 'yata. Malamarsu ta motsa jiki ba ta jera kowa ba. Tambaya ta yi: ta hanya nawa za ku ƙetare filin nan? Wani na birgima, wata na tsallen kwaɗo.

A bas ya ce, "Ni ban taɓa tambayar yaro ba. Ki sake kawo ni."

Na ce sai aiki ya lafa. Har ya rasu bai lafa ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata makwancinka.