Ragowar Ƙwayoyin Goggo Mai Guga

Shekara talatin Goggo ta yi tana guga a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene: dutsen guga biyu, tebur ɗaya, sai igiyar rataye riguna. Duk layin an san ta da sakin hannu. Ko allura ka roƙa, sai ta haɗa maka da zare.

Da aka yi mata aikin ƙugu, likita ya rubuta mata maganin ciwo mai ƙarfi, irin wanda ba a sayarwa sai da takarda. Ya ja mata kunne cewa nata ne ita kaɗai, na 'yan kwanaki. Ciwon ya lafa, amma maganin ya zo da nasa. Tana magana sai gyangyaɗi, zuciyarta na tashi, ciki ya ɗaure kwana huɗu. Tana samun sauƙi ta daina sha, ta jefa ragowar a gwangwanin maɓallai. Zubar da abu mai amfani, a ganinta, almubazzaranci ne.

Tana da wa guda, kafinta, wanda har yau Auta yake kiranta duk da furfurarta. Wata rana ya shigo shagon dafe da baya, ya kasa ko zama. Tausayi ya kama ta. Ta ba shi ƙwaya shida a ƙullin takarda, ta ce da wannan ta miƙe. Ba ta tuna yana da asma ba, ba ta kuma san yana shan maganin barci ba.

Washegari da hantsi matarsa ta kai masa abinci wurin aiki, ta tarar da shi kwance cikin ɓawon katako. Ta girgiza shi bai motsa ba. Numfashin sai an jima yake fita, leɓɓansa sun yi duhu. Maƙwabta suka kai shi asibiti.

Likitar da ta karɓe shi ta tambayi abin da ya sha. Matar ba ta sani ba. Goggo, wadda ta garzayo da jin labari, tana tsaye jikin bango.

"Ni na ba shi," ta ce. "Nawa ne."

Likitar ba ta yi mata faɗa ba, allura ta sa aka kawo aka yi masa. Sai daga baya ta zaunar da ita ta bayyana mata cewa irin maganin nan yana rage numfashi, in ya haɗu da na barci kuwa, yana iya tsayar da shi.

Kafinta ya farfaɗo. Da ya gan ta tana share hawaye sai ya ce, "Auta, na ce bayana ke ciwo, ban ce na gaji da duniya ba."

Dariyar ba ta zo mata ba. Ranar ta mai da sauran ƙwayoyin kantin magani.

Yanzu duk Laraba takan rufe shago da wuri ta raka shi asibiti gashin baya. Yana tafe yana mita, ita tana riƙe masa sanda a bakin matakala.