Mai Awara a Shafin Gaba

A layin kasuwarmu ta Tengachaya, nan Osaka, babu wanda bai san shagon awarar iyalin Narasaki ba. Maigidan, Genzo, shi ne a ƙasa, ga tumbi ga sanƙo, hannuwansa kullum cikin ruwan sanyi yana yanka awara. Matarsa Tokie kuma tana sama, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. 'Yar gajeriya ce mai tabarau, ba ta rabo da riga mai zanen damisa, jakarta kuwa ba ta rabo da alewa. Ko faɗa ta yi da kai, sai ta danƙa maka alewa kafin ku rabu.

In aka tambaye ta me take yi a sama, sai ta ce kwalin awara take zanawa. Ƙarya ce tsagwaronta. Tokie labarin zane take yi, irin na manyan mata, a wata mujalla mai fitowa wata-wata. Irin mujallar nan da ake karantawa a shagon gyaran gashi, da suruki ya leƙo a kife ta a cinya. Soyayya ce, da abin da ke biyo bayan soyayya in an ja ƙofa. Da sunan aro take yi, tun 'yarsu tana goye, ga shi yanzu 'yar ma ta yi nata gidan.

Shi ma Genzo yana da nasa aikin a ciki. Da rana in ciniki ya lafa sai ya hau sama ya ɗauki burushi. Duk inda Tokie ta sa ɗan gicciye a takarda, nan zai cike da baƙar tawada, kuma yawanci gashin jarumi ne. Jaruman Tokie kuwa akwai gashi, tubarkalla, yana zubo musu har ido. Genzo yana da wani hankici na musamman da yake rufe sauran shafin da shi, ya bar kan mutum kawai a buɗe.

"Baba, wai kunyar me kake ji?" in ji Tokie. Tun da suka haihu haka suke kiran juna, Baba da Mama. "Takarda ce fa."

"Gashi aka ba ni, gashi nake yi," in ji shi. "Sauran ba hurumina ba ne."

To, mujallar nan tana da ka'idarta. Kowane wata masu karatu suna aiko kati su faɗi labarin da ya fi musu daɗi. Wanda aka fi so shi ake sawa a gaba, har da shafi mai launi. Wanda aka gaji da shi sai ya yi ta zamewa baya, har ya je ya haɗu da tallan maganin rage ƙiba. Daga nan kuma sai waje. A shekarar da nake ba ku labari, na Tokie ya riga ya jingina da tallan.

Editanta Ebihara ya zo daga Tokyo da ƙaton kwalin kayan zaƙi. Tana ganin girman kwalin gabanta ya faɗi, don mutumin nan ba ya kawo babba sai da mugun labari.

"Sensei," ya ce, yana ta sunkuyar da kai, don da sunan girmamawar nan ake kiran masu zane, "in wata mai zuwa ma muka zo ƙarshe, sun ce a rufe."

"A rufe labarin, ko a rufe ni?"

Ya sake sunkuyar da kai. Ita ma ta sani, babu mai ba wa mace mai shekarunta sabon fili.

"Katunan dai abu ɗaya suke faɗa," ya ce a hankali. "Namiji dogo, mai kuɗi, mai ɗaure fuska. A rage surutu, a kai su ɗaki da wuri."

"Yo ba shi na ba su ba? Mai kamfanin nan nawa in ya ƙara tsawo ai sai ya fasa shafin!"

Ta cusa masa alewa a aljihu ta raka shi har ƙofa. Da ta dawo sai ta zauna ta zuba wa teburinta ido. Tsoro ta ji, tsoro sosai. Ba ta san wace ce ita ba in babu teburin nan.

Da yamma ta ɗauki kwanon wankanta ta nufi gidan wanka na unguwa. Tana cikin ruwan zafi har wuya sai ga Haruyo matar mai kifi da Setsu mai gyaran gashi sun shigo sun zauna kusa da ita. Ko kallonta ba su yi ba suka hau hira, da ƙarfi kuwa, kamar masu magana da kurma.

"Ke Setsu, kin karanta na ƙarshen nan? Na bazawarar nan Misuzu da mai kamfani?"

"Na karanta mana. Ni dai yana burge ni. Kin ga kafaɗa?"

"Kafaɗa za ki ci? Mutum tun ranar da aka fara labarin yake ɗaure fuska, har yau bai sake ba. Basir ke damunsa ne?"

Setsu ta yi dariya har ta sha ruwa. "Ni so nake in ga ranar da zai durƙusa yana kuka. Kyakkyawa in bai sha wuya ba ai ba daɗi."

"Ba zai durƙusa ba, wandonsa zai yamutse. Ita ma Misuzu haushinta nake ji. Mace ta haura arba'in, a ja ta nan a ja ta can kamar buhun shinkafa. Ta buɗe baki mana ta ce ga wanda nake so!"

"Wa za ta so? Shi kaɗai ne namiji a labarin."

"In ji wa? Mai awarar nan fa na bakin layinsu? Ba ki ga ya ƙara mata soyayyiya ɗaya a leda ba, kunnensa ya yi ja? Ni tun watan jiya shi nake jira. A ba ni mutumin da zan ga yana narkewa a hankali, yau ya kasa kallonta, gobe ya iya. Wancan kuwa ya gama dahuwa tun kafin a ɗora shi."

Tokie ta nutse har hanci. Mai awarar nan ba kowa ba ne a labarin. Gurbi ne ya rage a gefen shafi, ta cike shi da abin da take gani kullum in ta leƙo daga bene. Ko suna ba ta ba shi ba.

A bakin ƙofa Haruyo ta miƙa mata kwalbar madara mai sanyi. "Sha, Tokie-san. Zanen kwali akwai cin rai."

Washegari Tokie ta yage duk abin da ta fara, ta sake sabo. Misuzu ta tashi daga teburin mai kamfani a tsakiyar otal, ta ce masa ya ci gaba da ɗaure fuskarsa, ta tako cikin ruwan sama har shagon awara. Ita ta fara magana. Shi kuwa mai awara ya rasa inda zai sa idonsa, ya ba ta tawul, ya zubar da shayi, ya nemi gafara ba adadi. Sai can a shafin ƙarshe ya matso. Kafin ya taɓa ta, ya juya ya tsoma hannuwansa cikin ruwan ɗumi ya jira, don ya san sanyin da ke cikinsu. Sannan ya riƙe fuskarta. A nan Tokie ta ja ƙofar.

Da rana Genzo ya hau da burushinsa da hankicinsa. Ya ɗaga shafi, ya ɗaga wani.

"Mama, ina aikina? Ban ga gicciye ba sai a lemar mai kamfani."

"Wannan jarumin ba shi da gashi."

Ya gyara zama. A karo na farko a rayuwarsa ya ajiye hankicin ya karanta. Tokie ta yi kamar tana fiƙe fensir, amma tana kallon kunnensa yana yin ja tun daga ƙasa har sama. Da ya kai shafin ƙarshe sai ya ɗago kai.

"Wannan ai..."

"Mai awara ne. Osaka cike take da masu awara."

Ya cike lemar mai kamfani da baƙi, ya jera shafukan cikin ambulan kamar yadda ya saba, ya sauka. Ranar ko shayin la'asar bai kawo mata ba. Hankalinta ya tashi. Ta ɗauki abin da ke tsakaninsu su biyu ta kai kasuwa, ba ta ko tambaye shi ba.

Ebihara ma da saƙon ya isa sai ga wayarsa. "Sensei, sanƙo? Da tumbi? Kuma har aka gama ko maɓalli ɗaya ba a ɓalle ba!"

"In za a kore ni, gara a kore ni da shi."

Ya ja hanci. "Zan buga. Kada ki gaya wa kowa, sau biyu na karanta shafin ƙarshen nan."

Bayan mujalla ta fito da 'yan makonni sai ga Ebihara a ƙofar shago, yana haki, hannu rabbana, ko ƙwayar biskit bai riƙo ba. Tokie na ganin hannunsa wayam ta dafe bango.

"Gaba, Sensei! Shafin gaba, da launi! Rabinsu cewa suke kada a kuskura a gaggauta shi, a bar shi ya yi ta jin kunya. Sauran kuma so suke mai kamfani ya dawo ya yi kuka."

"Zai yi," in ji Tokie, tana dariya tana share ido. "Akwai wadda na yi wa tanadinsa."

A daidai lokacin layin masu sayen awara ya kai har shagon mai kifi, kuma duk mata ne. Haruyo ce a gaba. Ta leƙa bayan kanta, ta nuna tukunyar da ke tururi.

"Genzo-san, ruwan ɗumin can na awara ne, ko na hannu?"

Layi ya kwashe da shewa. Genzo ya saki ludayi ya shige ciki da gudu, har yana tuntuɓe da bokiti. Tokie ta tsaya baki buɗe.

"Haruyo-san! Tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Mu ba mu san komai ba. Mu dai mun san wane irin kwali ne ake zanawa tun 'yarki na goye, kuma har yau a leda kuke ba mu awara." Ta miƙo hannu. "Kawo alewa, kin ci bashin bakinmu."

Tokie ta juye musu jakar gaba ɗaya. Sannan ta hau sama, ta buɗe mujallar da ba ta yarda ta buɗe ba tun fitowarta, saboda fargaba. A shafin ƙarshe ta ga abin da ba ita ta zana ba. A tsakiyar sanƙon mai awara ga wasu 'yan silin gashi, sirara, an kwantar da su gefe da kyau. Ta san wannan burushin.

Ƙofa ta motsa. Genzo ne da shayi, yana kallon ƙasa.

"Ka ɓata min jarumi, Baba."

"Mutum zai je gaban mace, ai a bar shi da ɗan mutuncinsa." Ya ajiye kofin. Ya daɗe yana gyara masa zama a kan tebur. "Ban san kina lura ba."

"Da me?"

"Da hannun."

"Tun daren farko," in ji ta. "Ka daɗe a wajen tukunyar nan har na zaci guduwa ka yi."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, har tabarau ɗinta ya yi hazo. Ta jawo sabon shafi na wata mai zuwa, ta ɗauki fensir, ta sa ɗan mitsitsin gicciye a tsakiyar sanƙon, ta tura masa. Genzo ya ninke hankicinsa ya sa a aljihu, ya tsoma burushi a tawada.